WANDA BA YA KUKA, WA ZAI SAN YUNWARSA?

 Na san wata tana jin cewa a kan kunkuru zan yi magana za ta taɓe baki ta ce, yo ita kuma wannan, duk matsalolin da suka dami mata ba ta ga abin rubutu ba sai kunkuru? Ki yi haƙuri 'yar uwa, ki gyara zama. Ni ma da wata ce ta ba ni labarin nan kafin ya faru a kaina da dariya zan yi mata. Amma wallahi wannan ɗan tahalikin ya sa na kwana ina juyi a kan wata tambaya, ita ce nake son mu duba tare. Shin wanda bai buɗe baki ya nemi haƙƙinsa ba, haƙƙin nan yana kanmu, ko kuwa shirunsa ya wanke mu?

YADDA YA SHIGO GIDANA

Ana tsakiyar hunturu maigida ya dawo daga wata kasuwar ƙauye can wajen iyakar Nijar. Bayan ya sauke tsaraba sai ya zaro wani abu daga cikin leda ya ajiye a tsakar gida. Ɗan kunkuru ne, bai fi tafin hannuna ba, launinsa kamar na yashi. Ya ce wasu yara ne suke yawo da shi, ya saya wa yaran gida su riƙa wasa. Ranar nan kam gidana ya zama gidan kallo.

Masu shigowa kuwa kowa da fatawarsa. Wata ta ce ai kunkuru ba ya shan ruwa, raɓa ta ishe shi. Wata ta ce duk abin da mutum ya ci shi ma yana ci. Wata tsohuwa ta ce a samo ƙusa a huda gefen ƙoƙon a zura igiya kada ya ɓata. Wata kuma ta ce na dace, gidan da yake da kunkuru maye ba ya shiga. Na ce mata tsari dai na Allah ne, amma sauran maganganun duk na haɗiye su ban tauna ba. Allah ya taimake mu maigida ya hana hujin, ya ce shi dai ransa bai kwanta da abin ba.

Muka samo kwalin taliya muka saka shi, muka tura kwalin cikin sito a kan siminti. Abincinsa ragowar tuwo, shinkafa, gutsuren burodi, wani lokaci ɓawon kankana. Sati biyu yara suna rububinsa, daga nan ɗoki ya wuce, suka koma ƙwallonsu.

Sai bikin ƙanwata ya zo. Kun dai san hidimar biki, daga kamu zuwa sa lalle, yini, har kai amarya, kwana biyar ban zauna ba. Amma kullum kafin in fita sai na zuba wa tunkiya dusa, don in ban zuba ba kukanta ya ishi unguwa. Kaji ma sai na watsa musu tsaba, don bin ƙafata suke yi har bakin zaure. Kyanwa kuwa a jikin zanena take goga kai har sai na sallame ta. Kunkuru fa? Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Akwai yarinyar da nake riƙo, 'yar yayan maigida ce, shekarunta sha biyu, an kawo ta daga ƙauye don ta yi makaranta. Washegarin kai amarya ina kwance ina jinyar gajiya sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Anti, kunkurun nan fa ina jin ba shi da lafiya."

Na ce, "Ke kuma ta yaya kika sani, magana ya yi miki?"

Ta ce, "A'a, idonsa ne ya liƙe, hancinsa yana kumfa. Kuma mu a garinmu ciyawa na ga suna ci, ban taɓa ganin ana ba su tuwo ba."

Na tashi zaune na ce, "To me ya hana ki faɗa tun tuni?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai ba a tambaye ni ba."

Ku riƙe wannan amsa tata, za mu dawo kanta.

ABIN DA LIKITAN DABBOBI YA KOYA MINI

Da na ɗauko shi sai na ji shi sakayau kamar busasshen ƙoƙo, ga tuwon kwana biyar ya yi funfuna a gefensa. Jikina ya yi sanyi. Na yafa mayafi muka nufi asibitin dabbobi ni da yarinyar, ina tafe ina jin kunyar a gan ni da kunkuru cikin masu shanu da raguna.

Likitan bai yi mini dariya ba. Ya jujjuya shi, ya latsa ƙoƙon, ya duba hanci da baki, sannan ya ce, "Hajiya, sanyi ne ya kama masa numfashi, ga ƙishirwa, ga yunwa. Da kin ƙara kwanaki da sai dai haƙuri." Ya yi masa allura, ya ce mu riƙa dawowa har a gama, sannan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ga abin da na riƙe, ko Allah zai sa ya amfani wata.

Na farko abinci. Irin wannan kunkurun na ƙasashenmu na bakin hamada, mai ƙaya a bayan cinya, makiyayi ne kamar tunkiya. Cikinsa na ciyawa ne, kuma ita ya kamata ta zama mafi yawan abincinsa, irin su kiri-kiri da harƙiya da burburwa, ɗanya ko busasshiya. Sai a ɗan haɗa masa da ganye kamar na kabewa, rama ko zogale. Kabeji da alayyafo kada su zama na kullum. Kayan marmari irin su gwanda, ayaba da kankana yana son su ƙwarai, amma zaƙinsu yana ɓata masa ciki ya sa shi zawo, don haka sai jefi-jefi. Tuwo, shinkafa, burodi, wake, nama, madara da duk abin da aka sa wa gishiri ko mai, ba nasa ba ne. Zai ci in yunwa ta matsa masa, amma a hankali suke lalata masa ƙoda. Kuma a kula da inda ake yanko ciyawar, kada ta zama wadda aka yi wa feshin magani.

Na biyu ruwa. Maganar cewa ba ya shan ruwa ƙarya ce. Yana sha, ƙarami ma ya fi saurin bushewa. A ajiye masa ruwa mai tsabta a faffaɗan mazubi marar zurfi. Ƙarami kuma a riƙa zaunar da shi kullum cikin ruwa mai ɗan ɗumi na minti 15 zuwa 20, ruwan kada ya wuce haɓarsa, domin shi ba ƙififiya ba ne, bai iya iyo ba, nutsewa zai yi. In kika ga wani farin abu kamar damammen alli ya fito tare da fitsarinsa, wannan ba ciwo ba ne. Amma in ya yi tsaki-tsaki kamar yashi, alamar ruwa bai ishe shi ba ce, kuma daga nan dutse yake taruwa a mafitsara.

Na uku rana da inuwa. Ƙoƙon nan ƙashi ne, kuma ba ya ƙwari sai da sinadarin kalsiyam, jikinsa kuwa ba ya iya amfani da kalsiyam ɗin sai yana samun hasken rana kai tsaye. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yi. Wanda aka kulle a ɗaki ƙoƙonsa laushi yake yi, ƙafafu su kasa ɗaukarsa. Likita ya ce in tafasa ɓawon ƙwai, in shanya, in dake shi lukui, in riƙa barbaɗa kaɗan a kan ganyensa sau biyu ko uku a sati. Sai dai rana ma in babu wajen fakewa kisa take yi. A daji rami yake haƙawa mai zurfi, ya shige in zafi ya yi yawa ko dare ya yi sanyi. Saboda haka a ware masa wuri mai ƙasa, gefe rana gefe inuwa, da ɗan akurkin da zai shige. Da hunturu a shigar da shi wuri mai ɗumi da dare, a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa, kada a bar shi a kan siminti. In kuma ya kife rigingine a gaggauta juya shi, don in rana ta same shi a haka yana iya mutuwa.

Na huɗu ƙoƙon kansa. Da na ba likita labarin ƙusa sai da ya dafe kai. Ya ce ƙashin bayansa da haƙarƙarinsa a manne suke da ƙoƙon, akwai jini a ciki, akwai jijiyoyi, yana jin taɓi kuma yana jin zafi. Huda shi daidai yake da huda ƙashin mai rai. Haka shafa masa fenti. Kuma yawan ɗaga shi sama yana firgita shi ya saki fitsari, ruwan da yake tanadi a jikinsa ke nan ya zubar.

Na biyar alamun ciwo, tun da ba zai faɗa ba: kumfa ko majina a hanci, numfashi da baki a buɗe, kumburin ido, ƙin cin abinci kwana da kwanaki, laushin ƙoƙo, zawo, tsutsa a kashi, ko kaska a hammata da gindin wuya. A nan likita ya ja kunnena da kyau. Ya ce maganin tsutsa da kaska ɗin nan da ake yi wa awaki da shanu, wanda ake rubuta Ivermectin a jikin kwalbarsa, guba ne ga kunkuru, shanye masa jiki yake yi ya kashe shi. Kada wani mai sayar da maganin dabbobi ya ce miki ai duk ɗaya ne.

Na ƙarshe lafiyarmu mu da kanmu. Kunkuru yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ba tare da ta dame shi ba, amma ta sa mutum zazzaɓi da gudawa. Saboda ita ne ma a Amurka tun 1975 aka hana sayar da ƙananan da ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba, don yara suna kai su baki. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, kada ya shiga kicin, kada a jiƙa shi a kwanon abinci, yaran da ba su kai shekara 5 ba kuma su tsaya a kallo.

MANTUWA CE KO SAKACI?

Da daddare na kasa barci. Zuciyata ta shiga kawo mini uzuri, tana cewa ai mantuwa kika yi, kuma Allah ba ya kama bawa da mantuwa. Sai wata zuciyar ta ce, to me ya sa ba ki manta da tunkiya ba? Nan na rasa amsa. Gaskiyar magana ita ce ban ciyar da tunkiya don tausayi ba, na ciyar da ita ne don ta rufe mini baki. Ashe abin da nake kira kula da dabbobi, rabinsa neman sauƙin kunnena ne. Mantuwa ta gaskiya ita ce wadda ta faɗo wa mutum bayan ya yi iya ƙoƙarinsa. Ni kuwa na karɓi rai na tura shi sito, ban tambayi me yake ci ba, ban ɗora wa kowa alhakin duba shi ba. Wannan sunansa sakaci tun kafin ranar biki ta zo.

Dukkanmu mun ji labarin matar nan da ya zo a Bukhari da Muslim, wadda ta shiga wuta saboda kyanwa. Abin lura a labarin shi ne ba a ce ta doke ta ko ta yanka ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Addini bai hana ajiye dabba ba, don ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) ya san da shi, har ya lallashi yaron lokacin da tsuntsun ya mutu. Malamai sun fahimci halaccin ajiyewa daga nan, da sharaɗin a ba dabbar haƙƙinta.

To daga ina haƙƙin yake farawa? Ni a nawa ɗan tunanin, yana farawa ne daga ranar da ka raba abu da dabararsa. Kunkurun nan a daji ba ya buƙatar kowa. Ya san ciyawarsa, ya san inda zai haƙa rami, ya san lokacin fita da lokacin ɓuya. Ranar da muka saka shi a kwali mun ƙwace duk wannan. Saboda haka ciyawar da zai nema da kansa ta zama bashi a kaina, haka rana, haka ruwa, haka ɗumin rami. Bashi kuwa ba ya faɗuwa don mai shi bai zo ya tsaya a ƙofa ba. Hausawa sun ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa. Wanda ba shi da yatsan nuna ka a duniya, ai yana da mai tsaya masa a lahira.

Na san wata za ta ce, haba, mutane suna kwana da yunwa, marasa lafiya ba su da kuɗin magani, ke kina kai kunkuru asibiti? Maganarki tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na musun cewa ɗan Adam yana gaba da dabba. Da a ce kuɗin allurar nan shi ne na maganin ɗana, da ɗana zan saya wa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ciyawar bakin rafi da ruwan ɗumi da hasken rana nawa ake sayar da su? Yawancin abin da yake buƙata lura ce. Kuma ban taɓa ganin wadda ta hana dabba abinci ta kwashi abincin ta kai gidan marayu ba. Tausayi ba kamar garin tuwo ba ne da in an ɗiba yake raguwa. Zuciyar da ta saba duba wanda ba ya kuka a cikin kwali, ita ce za ta duba wanda ba ya kuka a cikin ɗaki. Ga shaida.

AI BA A TAMBAYE NI BA

Kwana uku da zuwanmu asibiti, da hantsi, yarinyar nan tana tsugune tana riƙe da kunkuru a cikin ruwan ɗumi. Ni kuma na zo duba idonsa ko ya buɗe. Ina sunkuyawa sai idona ya sauka a kan hannunta. Babban yatsanta ya kumbura suntum, ya yi ruwa, gefen farcen har ya canza launi.

Na ce, "Innalillahi! Me ya sami yatsanki?"

Ta ce, "Ba komai Anti, ya kusa warkewa."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin biki."

'Yan uwa, da wannan yatsan ta yi wanke-wanken biki. Da shi ta yi wanki, da shi take jan ruwa. Kwana fiye da goma tana kwana da zogi a ɗaki ɗaya da 'ya'yana. Autana kuwa ko sauro ne ya cije shi sai gida ya ɗauka. Kullum ina yabonta a gaban baƙi, ina cewa yarinyar kirki ce, ba ta da magana, ba ta da ƙorafi. Ashe yabon nan mayafi ne na lulluɓe sakacina da shi. Ranar da muka kai ta asibiti aka tsaga yatsan, ita tana cije leɓe, ni ce mai hawaye.

Ita ma an raba ta da dabararta. A gidansu ta san wadda za ta faɗa wa jikinta ta yi kuka. Mun ɗauko ta mun kawo ta inda take ganin komai alfarma ake yi mata, ga kunya, ga kawaici da aka hore ta da shi tun tana ƙarama. Mu Hausawa muna son kawaici, kuma abin so ne. Amma in muka koya wa yaro yin shiru, to mun ɗauki nauyin tambayarsa. Ba zai yiwu mu ce kada ki yi ƙorafi, sannan mu ce ai ba ki faɗa ba.

Ki duba gidanki 'yar uwa. Wace ce mai shiru a ciki? 'Yar aikin da take cin abinci bayan kowa ya ƙoshi? Ɗan kishiyar da uwarsa ta fita? Surukar da ta tsufa take cewa na ƙoshi don kada ta ɗora miki nauyi? Almajirin da yake miki aike, wanda ba ki taɓa tambayarsa inda yake kwana da sanyi ba? Amaryar ƙanenki da aka kawo daga nesa, kowa yana yabon haƙurinta? Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana, amma fuskar ma sai an tsaya an dube ta.

KAFIN KI KARƁI AMANA

Kunkurunmu ya warke, alhamdu lillahi. Yanzu yana da fegi a bayan ɗaki, kuma in ya ji motsin yarinyar da ciyawa sai ya miƙo wuya ya nufo ta da ɗan saurinsa. Sai dai likita ya gaya mini wata magana da ta ƙara mini nauyi. Irinsa shi ne na uku a girma a duk duniya, babba yakan wuce kilo 50, yana haƙa ramin da zai iya cin gindin katanga, kuma yakan haura shekara 70. Wanda ya rayu a fadar Sarkin Ogbomosho, mai suna Alagba, da ya mutu a 2019 cewa aka yi shekararsa 344, ko da yake masana ba su yarda da wannan lissafi ba. Ko ma dai mene ne, abin da aka sayo don wasan sati biyu yana iya zama cikin abin da jikokina za su gada.

Ga kuma wani abin. A 2021 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sanya irin wannan kunkuru cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, saboda kama su da ake yi don sayarwa, da kuma yadda noma da kiwo suke cinye dajin da suke zaune. Maigida ya saya ne da kyakkyawar niyya, amma duk wanda ya saya ya koya wa yaran nan su koma daji su kamo wani. Don haka shawarata, in an tare ki da shi a hanya, ki wuce. In kuma ya riga ya shigo hannunki, ki riƙe shi da gaskiya. In kin ga ba za ki iya ba, kada ki jefar da shi a bola ko a kowane daji, ki nemi likitan dabbobi ko ma'aikatan gandun daji su nuna miki inda ya dace.

Ni dai yanzu na ɗora wa kaina wata 'yar al'ada. Kowace safiya kafin in saurari masu kuka, sai na fara zagaya marasa kuka. In leƙa bayan ɗaki in duba ido da hanci, sannan in kira yarinyata in ce miƙo hannuwanki in gani, me kika ci, ina yake miki ciwo? Da fari ba komai take cewa. Yanzu ta fara faɗa, har jiya ta ce mini takalmin makarantarta ya matse ta tun zangon da ya wuce.

Allah ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka, wadda muka sani da wadda muka shagala da ita. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe ni. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wassalam, taku har kullum.